Babi na Bakwai: Kasuwar Dashe ta Fitar Hunturu

A jihar Minesota da ke can arewacin Amurka, mai lambu kan yi kusan wata biyar hannunsa a naɗe. Daga ƙarshen Nuwamba ƙasa take daskarewa, sanyin ya ratsa ta har kusan zurfin mita guda, babu shebur ɗin da zai iya huda ta. A Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifili, wani daren ma ya zarce haka. Ko bayan dusar ƙanƙara ta narke a Afrilu mutum bai tsira ba, domin akwai daren da sanyi kan dawo ba sallama, raɓa ta daskare a kan ganye, ruwan da ke cikin tsiro ya zama ƙanƙara ya farfasa shi ta ciki. Da safe sai a tarar da tumatir ya yi baƙi ya kwanta. Irin wannan dare kan zo har cikin makon farko ko na biyu na Mayu, sannan ya sake leƙowa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Duk noman shekara a tsakanin nan yake, wata biyar ko ƙasa da haka.

Wanda ya jira sai ƙasa ta yi ɗumi sannan ya zuba irin tumatir, da wuya ya ci moriyarsa sosai kafin sanyi ya dawo. Shi ya sa ake fara renon iri a cikin ɗaki, a bakin taga ko ƙarƙashin fitilar lantarki ko a rumfar gilashi, mako shida zuwa takwas kafin lokacin da ake sa ran sanyin ƙarshe zai wuce. Barkono da tattasai ma sun fi haka nawa. Ba kowa ke da wurin wannan reno ba, ba kuma kowa ke da haƙurinsa ba. Saboda haka idan Mayu ya kama, gari guda kan tashi neman dashe a lokaci ɗaya, cikin mako biyu ko uku. Manyan kantuna sun san da wannan, sukan jibge tukwanen shuka a ƙofarsu tun daga Afrilu. Amma makarantu da coci-coci da ƙungiyoyin unguwa su ma sun sani, kuma sun daɗe suna kafa tasu kasuwar ta yini ɗaya ko biyu, ribar ta tafi ga wani aikin al'umma.

Ɗaya daga cikin mafi girman irin wannan kasuwa a Amurka wata ƙaramar makaranta ce ke shirya ta. Friends School of Minnesota, makarantar yara ce a birnin St. Paul wadda mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker suka kafa, kuma ɗalibanta ba su da yawa. Fiye da shekara 30 ke nan tana sayar da dashe a ƙarshen makon da ake bikin Ranar Uwa, wato Lahadi ta biyu ta watan Mayu. An fara abin a ƙanƙance, yanzu kuwa harabar makarantar ba ta ɗaukarsa, sai a filin baje kolin jiha ake yi, cikin babban ginin 'yan kallo. Ana jera shuke-shuke fiye da iri 2,000, daga kayan miya zuwa furanni, itatuwan marmari da ciyayin ado. Masu aikin sa kai fiye da 1,000 ne ke sauke kaya daga mota, su jera, su ba da ruwa, su riƙe layi, su karɓi kuɗi. Shiga kyauta ce, amma saboda cunkoso sai an ɗaura wa mutum ɗan zobe na takarda a wuyan hannu mai nuna rukunin da zai shiga da shi. Mutane kan zo da amalanke da baro, wasu da keken tura jariri da aka cire wa katifa. Ranar Lahadi, abin da ya rage akan rage masa kashi ɗaya bisa uku na kuɗi. Ribar kuwa tana taimaka wa makarantar wajen rage wa iyayen da ba su da ƙarfi nauyin kuɗin karatu.

Ita wannan ta zama ƙasaitacciya, kuma yawancin kayanta daga hannun masu gandun reno take sarowa. Wadda aka fi yawan gani ba haka take ba. Tebur biyar ne ko goma a wurin ajiye motoci na coci, ko a gaban ɗakin karatu na gari, ko a bayan makarantar sakandare, da safiyar Asabar daga ƙarfe takwas ko tara zuwa azahar. Dashen yana cikin tsofaffin robobin nono da kofunan takarda da aka huda wa gindi. An rubuta sunan kowanne da hannu a kan ɗan tsinken katako. Akwai dattijuwa a bakin ƙofa da akwatin canji, da yara masu kai wa mutane kaya bakin mota a cikin kwali. Farashin dala biyu ne, uku, biyar, abin da bai fi rabin na kanti ba a mafi yawan lokuta.

Tambayar da ta dace a yi ita ce, ta yaya ake sayar da abu da araha haka kuma a samu abin da za a yi wa jama'a aiki? Amsar tana cikin halittar shukar kanta. A ƙasashen sanyi akwai tsirrai da yawa da ganyensu ke mutuwa a hunturu amma gindinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara su sake tohowa, kowace shekara gindin ya ƙara faɗi. Hosta mai faffaɗan ganye haka take, haka airis, haka rubab da ake dafawa da sukari. Bayan shekara uku ko huɗu gindin kan cunkushe, tsakiyarsa ta fara mutuwa, furen ya ragu. Maganinsa shi ne a tone shi, a sa shebur a raba shi gida huɗu ko shida, a mayar da ɗaya. Duk wanda ya taɓa cire 'ya'yan ayaba daga gindin uwarsu ya san wannan aiki. Ragowar ukun ko biyar ɗin babu inda mai lambu zai kai su, in ba juji ba. Idan ya zuba su a tukwane ya kai wa ƙungiyarsu, abin da zai zubar ya zama dala 20 a asusu. Haka nan wanda ya sayi fakitin irin tumatir mai ƙwaya 30 alhali gindi shida kawai lambunsa zai ɗauka. Babu kuɗin haya, babu albashi, babu kuɗin motar da za ta ɗauko kaya daga wata jiha. Kusan duk abin da ya shiga akwati riba ce.

A ganina wannan ya fi yawon neman gudummawa da takarda daraja. Mai bayarwa bai talauce ba, lambunsa ma ya samu iska. Mai saye bai ji an roƙe shi ba, abin da ya zo nema ya samu. Ita kuma ƙungiyar ba ta zubar da mutuncinta a ƙofar wani attajiri ba.

Al'adar tana da saiwa mai zurfi. A shekarar 1891 wasu mata a garin Athens na jihar Jojiya suka kafa ƙungiyar lambu da ake ɗauka a matsayin ta farko a Amurka, kuma daga cikin abin da ya haɗa su akwai musayar dashe da reshe tsakaninsu. A 1913 aka kafa Garden Club of America, a 1929 kuma ƙungiyoyin jihohi suka haɗu a ƙarƙashin inuwa ɗaya ta ƙasa baki ɗaya. Har yau irin waɗannan ƙungiyoyi da kuɗin kasuwar dashe suke gyara furannin dandalin gari, suke ba ɗaliban aikin gona ɗan tallafin karatu.

Ingila ta bi wata hanya dabam wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Kafin a kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, ma'aikatan jinya da ke bin marasa lafiya gida-gida a ƙauyuka da unguwannin talakawa da kuɗin taimako ake riƙe su. A tsakiyar shekarun 1920 wata mata mai suna Elsie Wagg, wadda ke cikin kwamitin cibiyar da ke kula da waɗannan ma'aikata, ta kawo shawara: masu manyan gidaje su buɗe lambunansu ga jama'a, kowa ya biya sule ɗaya ya shiga ya yi kallo. A 1927 lambuna 609 suka buɗe ƙofa, har da na gidan sarki a Sandringham, aka tara sama da fam 8,000. Sule 20 ke fam ɗaya, ke nan an shiga waɗannan lambuna kimanin sau 160,000 a shekarar farko. Shirin, mai suna National Garden Scheme, yana nan har gobe. Yanzu lambuna kusan 3,500 ne ke buɗewa a shekara, da yawansu na talakawa masu ɗan fili a bayan gida, kuma a 'yan shekarun nan yana raba sama da fam miliyan 3 duk shekara ga ƙungiyoyin jinya irin su Macmillan da Marie Curie da gidajen kula da masu ciwon ajali. Bayan kuɗin shiga, ana sayar da shayi da kek, kuma kusan ko'ina za ka tarar da ɗan tebur kusa da ƙofar fita, an jera 'ya'yan shuke-shuken da ka gama gani a cikin lambun. Ka ga uwar a tsaye, ka ga girmanta da inda take so, sannan ka sayi ɗiyar.

Wannan shi ne babban abin da kasuwar unguwa ta fi kanti da shi. Dashen babban kanti sau da yawa a wata jiha mai nisa aka rene shi, cikin rumfa mai ɗumi, aka ɗura masa taki don ya yi fure da wuri ya ja ido. Yaron kantin da ke tsaye a wurin wataƙila jiya a sashen fenti yake. Shi kuwa gindin da maƙwabciyarka ta tono ya ci hunturu goma a ƙasa irin taka, ya sha ruwan da za ka ba shi, barewar da ke shigo muku unguwa da dare ta ɗanɗana shi ta bari ko ta cinye, kuma matar ta san wanne ne. Za ta gaya maka kada ka sa shi inda ruwa ke kwanciya, ta gaya maka wane mako ita take dasa tumatirinta, ta tambaye ka ko gidanka a kwari yake, domin sanyi a kwari yake taruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ma'aikatar gona ta Amurka tana da taswira da ta raba ƙasar zuwa shiyya 13 bisa tsananin sanyin da kowane wuri ke gani a shekara. An fara fitar da ita a 1960, aka sabunta a 1990 da 2012 da 2023, kuma a jikin kusan kowace tukunyar shuka mai daɗewa za ka ga an rubuta shiyyar da za ta iya jurewa. Taswirar tana da amfani ƙwarai. Sai dai ba ta san cewa bangon gidanka na kudu yana riƙe zafin rana ba, ba ta san laka ce a bayan gidanka ko yashi ba. Wannan ilimi a bakin mutanen wurin yake.

Akwai kuma waɗanda aka horar musamman don su ba da shi. Tun 1914 dokar Smith-Lever ta kafa tsarin malaman gona a Amurka, inda jami'ar aikin gona ta kowace jiha ke da wakilai a gundumomi. Aikinsu na asali manoma ne. Amma a farkon shekarun 1970 mazauna birane suka raja'a kan lambu, tambayoyi suka yi wa malaman gona yawa. Wani daga cikinsu a jihar Washinton, David Gibby, wanda ke kula da yankin Seattle da Tacoma, ya ga ba zai iya shi kaɗai ba. Sai shi da abokan aikinsa suka tsara a zaɓi masu sha'awar lambu, jami'a ta koyar da su kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su kuma su biya da sa'o'in aikin sa kai na amsa tambayoyin jama'a. A 1973 aka yaye rukunin farko. Shirin Master Gardener ke nan, wanda yanzu yake a duk jihohi 50 da wasu lardunan Kanada. Kasuwar dashe ta Afrilu ko Mayu ita ce babbar hanyar samun kuɗin yawancin rassansa, da ita suke riƙe lambunan koyarwa da na makarantu da waɗanda ake noma wa rumbunan ciyar da mabuƙata. A irin kasuwarsu akan ware tebur guda da babu abin sayarwa a kansa. Ka kawo ganyen da ya yi ɗigo-ɗigo ko ƙwaron da ka kama a leda, a duba maka.

Makarantun sakandare masu sashen aikin gona su ma suna nasu. Ɗalibai 'yan ƙungiyar FFA, wadda aka kafa a 1928 don 'ya'yan manoma, sukan fara zuba iri a rumfar makaranta tun Fabrairu, su yi lissafin abin da aka kashe, su yanka farashi, su tsaya da kansu su yi ciniki. Kuɗin ya sayi irin baɗi, ya biya musu motar zuwa gasa.

Wani abin da ake samu a teburan nan wanda kanti ba ya kawowa shi ne tsohon iri. Kanti yana son tumatirin da zai jure doguwar tafiya, ya yi kama da ɗan'uwansa. A kasuwar unguwa kuwa za ka ga tumatir rawaya, da mai ratsi, da mai duhu kusan baƙi, da wanda ake cewa kakar wance ce ta zo da shi daga Italiya ko Folan. Ƙungiyar Seed Savers Exchange da ke Decorah a jihar Ayowa daga irin wannan ta samo asali. A 1975 Diane Ott Whealy da mijinta Kent suka kafa ta, bayan kakan Diane ya damƙa musu iri biyu da iyayensa suka zo da su daga Bavariya ta Jamus, wani tumatir mai ruwan hoda da wani fure mai yaɗo. Da kakan ya rasu suka lura cewa da ba su karɓa ba, da shi ke nan. Iri ba ya rayuwa sai ana shuka shi, kuma kowane gindi da aka sayar wa baƙo a kan dala uku ƙarin gida ne da irin ya samu.

A shekarun baya-bayan nan kasuwannin sun ƙara wani nauyi a kansu, na tsirran asalin ƙasar. Douglas Tallamy, masanin ƙwari a Jami'ar Delaware, ya fitar da littafi a 2007 mai suna Bringing Nature Home wanda ya sauya tunanin masu lambu da yawa. Hujjarsa mai sauƙi ce. Yawancin ƙwari masu cin ganye ba sa iya cin komai sai tsirran da suka tashi tare da su tun fil azal. Itacen oak na Amurka yana ciyar da tsutsotsin malam-buɗe-littafi da danginsa fiye da iri 500, alhali itacen ado da aka kawo daga Asiya ƙalilan ne ke iya taɓa shi. Su kuma ƙananan tsuntsaye da waɗannan tsutsotsi suke ciyar da 'ya'yansu. Unguwar da aka cika da baƙin itatuwa tana iya yin kore shar amma babu abinci a cikinta. Misalin da kowa ya sani a can shi ne malam-buɗe-littafin da ake kira monak, mai ruwan lemo da baƙi, wanda ke tafiyar kusan kilomita 4,000 daga Kanada da arewacin Amurka zuwa dazukan tsaunin Michoacán a Meziko don ya yi hunturu. Tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen wata shuka mai farin ƙaro, 'yar'uwar tumfafiyarmu, wadda maganin ciyawa ya share daga gonakin masara da waken soya. Yanzu da wuya ka je kasuwar dashe a tsakiyar Amurka ba ka ga an jera ta ba, kuma tana cikin abin da ke fara ƙarewa. Cibiyoyi irin su Lady Bird Johnson Wildflower Center a Austin ta Texas, wadda aka kafa a 1982, kasuwarsu gaba ɗaya ta tsirran gida ce. Da yawa daga masu shirya kasuwannin kuma sukan ƙi karɓar dashen da aka yi wa maganin ƙwari nau'in niyonikotinoyid, wanda ke shiga jikin shuka har cikin fure ya cutar da ƙudan zuma. Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili tun 2018.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna, kuma nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. A tuna cewa abin da mutum ya fi samun rararsa a lambu shi ne abin da ya fi yaɗuwa. Idan ka ga tebur cike da shuka iri ɗaya daga gidaje dabam-dabam, ka tambayi dalili. Na'a-na'a tana da daɗi a shayi, amma wanda ya dasa ta a ƙasa ba cikin tukunya ba zai yi shekaru yana tone ta. Wannan ƙaramin abu ne. Manyan annoban tsirrai a waɗannan ƙasashe da hannun masu son lambu suka shiga. Kudzu, mai yaɗon da ya lulluɓe dazuka da turakun lantarki a kudancin Amurka, a bikin baje koli na Filadelfiya na 1876 aka fara nuna shi a matsayin abin ado daga Jafan. Wata ciyawar Jafan ɗin mai kama da gora, wadda wani mai suna Philipp von Siebold ya kawo Turai ya kuma aika wa lambun Kew na Ingila a 1850, yau a Ingila laifi ne a sake ta a daji bisa dokar 1981, kuma gidan da take tsirowa a harabarsa kan sha wuya kafin banki ya ba da bashin sayensa.

Abin da ya fi tayar wa masu kasuwar dashe hankali yanzu ma ba shuka ba ce. Wata tana ce daga gabashin Asiya da ake kira tana mai tsalle, saboda yadda take fizge-fizge idan an taɓa ta. An tabbatar da ita a jihar Wiskonsin a 2013, a gandun itatuwa na jami'ar jihar da ke Madison, kuma ta bazu a jihohi da dama. Mu mun san tana da gyara ƙasa, amma wannan a sama-sama take zama, ta cinye ruɓaɓɓen ganyen da ke rufe ƙasa cikin ɗan lokaci, ta bar ta warwaje, abin da masu lambu na can ke cewa ta koma garin kofi da aka tace. Saiwa ba ta samun abin kamawa, ruwan sama ya kwashe sauran. Manyan suna mutuwa da sanyin farko, amma ƙwansu, cikin ɗan kwanson da bai wuce milimita uku ko huɗu ba kuma launinsa na ƙasa ne, yana kwana hunturu lafiya. Ba ta buƙatar namiji kafin ta hayayyafa, guda ɗaya ta isa. A watan Mayu, daidai lokacin kasuwa, babu babbar tana da za a gani a tukunya, sai ƙwai da 'yan jarirai. Mace mai kirki za ta iya tono hosta daga bayan gidanta don taimakon ɗakin karatu, ta raba annoba ga gidaje shida ba ta sani ba.

Yadda ƙungiyoyin suka tunkari lamarin ya ƙara min ganin girmansu. Wasu sun dakatar da karɓar duk abin da aka tono daga gida, duk da cewa nan ne ribarsu take, suka koma ga dashen da aka rena daga iri a cikin ƙasar buhu mai tsabta. Wasu kuma suka ɗora wa kansu aiki mai wahala: kowane gindi sai an karkaɗe shi, an wanke saiwarsa tas cikin bokiti biyu ko uku har babu ɗigon ƙasa, sannan a sake dasa shi a sabuwar ƙasa ko a sayar da shi tsirara, an naɗe saiwar da jiƙaƙƙiyar jarida. Mai saye yana da haƙƙin ya tambaya ko an yi hakan, kuma ba rashin kunya ba ne.

Kada wannan ya sa a ɗauka kanti ne tudun mun tsira. A 2009 cutar ruɓar ganye, irin wadda ta halaka dankalin Ayalan daga 1845, ta mamaye arewa maso gabashin Amurka ta lalata tumatirin gidaje da gonaki, kuma masana sun bi sawunta zuwa dashen da aka rarraba ta manyan kantuna. Kuskuren ƙaramar kasuwa a unguwa yake tsayawa, na babban dillali kuwa jihohi yake ratsawa cikin mako guda.

Ga Bahaushen da karatu ko aiki ya kai shi waɗannan ƙasashe kuma yake da ɗan fili ko baranda, shawarata ita ce ya nemi irin wannan kasuwa, ya je da sassafe da kwalinsa da kuɗi a hannu, domin ba kowane tebur ke karɓar kati ba. Kada fure ya ruɗe shi. Dashen tumatir gajere mai kaurin kara ya fi dogo siriri wanda ya riga ya yi huda a cikin kofi. Ya juya ganye ya duba bayansa, ya kife tukunyar a tafin hannu ya ga saiwar: fara mai ƙarfi ake so, ba wadda ta yi baƙi ko ta nannaɗe kanta ba. Ya tambaya ko an saba wa dashen da waje, domin wanda ya fito daga ɗaki kai tsaye rana da iska kan ƙone shi, sai an yi mako guda zuwa kwana goma ana fitar da shi kaɗan-kaɗan. Kayan miyarmu kuwa, kuɓewa da yakuwa da attarugu, 'yan zafi ne, su ne na ƙarshen shiga ƙasa, a Minesota sai wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Idan ya rena nasa ya samu rara, ya kai teburin. Mutanen nan suna son sabon abu, kuma babu hanyar sanin maƙwabta da ta fi wannan sauƙi.

Ba zan ce tsarin ba shi da rauni ba. Unguwar masu hali ita ke da manyan lambuna da masu ritaya da ke da lokacin aikin sa kai, don haka ita ke tara kuɗi mai yawa, alhali makarantar da ta fi buƙata tana unguwar da gidajen haya ne babu fili. Yawancin masu ɗaukar nauyin aikin kuma dattawa ne, kuma tonon gindi da ɗaukar tukwane aikin ƙarfi ne. Kuɗin dashe ba zai gina asibiti ba. Amma yana sayen littattafai, yana biya wa yaro zango guda, kuma duk wanda ya ba da shi ya san hannun da ya karɓa.

A nan gida muna da rabin abin. Masu renon dashe a leda suna nan a bakin tituna a Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, manoman rani sun san sayen dashen tumatir da albasa, kuma kowace damina ana raba itatuwa kyauta a bukukuwan dashen bishiya, waɗanda da yawansu ke bushewa domin babu wanda ya ɗauke su nasa. Wanda ya cire kuɗinsa ya sayi gwaba, zai kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Duk makarantar da ke da rijiyar burtsatse da katanga, duk Islamiyya ko ƙungiyar mata da ke da inuwa da 'yan hannaye, tana iya renon zogale da gwanda da gwaba da lemun tsami da mangwaro mai aure, ta sa rana guda idan ruwa ya zauna, ta gayyaci iyaye da maƙwabta, ta nemi malamin gona ya zauna a teburinsa yana amsa tambaya, bayan an tashi kuma a manna lissafin abin da aka samu da inda za a kai shi a bangon da kowa zai gani. Shugaban makaranta ko uwar ƙungiyar da ke karanta wannan, idan kuna son sayarwa a Yuli, ku fara tara leda da taki da iri tun Fabrairu, ku kuma sa mutum ɗaya takamaimai da zai riƙa ba su ruwa a lokacin hutu.